Ruwan Bibemi da Na Raba da Alƙalami

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina auna yanayi a wata tasha da ke bayan garin Garwa. Na shiga ina saurayi, na fita da furfura, kuma a gidanmu ba a taɓa ɗaukar abin a bakin aiki ba. Kakanmu fatauci ne ya kawo shi daga Kano, ya zauna, zuriyarsa duk ta bi kasuwa, masu atamfa da masu goro. Ni kaɗai na fita zakka, don ni aka tura lakwal, makarantar boko, na koyo Faransanci. In na dawo da yamma yayana yakan ɗaga murya daga bakin shago, "Ga mai gadin sama nan! Yau gajimare nawa ka kama?" 'Yan layi su kwashe da dariya. Ban taɓa jin zafin wannan ba. Abin da ke ci mini rai har yau daban ne, kuma da hannuna na yi shi, a shekarun ƙarshe na mulkin shugaban ƙasa na farko.

Aikin kansa ba wuya, sai naci. Duk bayan awa uku in fita in duba ma'aunin zafi a cikin farin akwatinsa, in duba nauyin iska, in ɗaga kai in ga irin gajimaren da ke sama da inda ya dosa. Da safe mu saki balan-balan, in bi shi da madubi har ya ɓace, don a san yadda iskar sama ke tafiya. Duk wannan a mai da shi lambobi, a buga ta waya zuwa babban birni, daga can ya wuce ƙasar Turai. An ce mana a can akwai wani ƙaton inji mai lissafi da ke haɗiye lambobin duniya gaba ɗaya, ya fitar da yadda sama za ta kasance gobe da jibi. Ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, amma muna ambatonsa da ladabi kamar wani babban hakimi.

Aikina na biyu shi na fi so. Ƙarshen kowane wata na damina in hau babur ɗin tasha in zaga ƙauyuka shida da aka kafa wa ma'aunin ruwan sama, daga wajen Pitowa har kan hanyar Rai Buba, in karɓo takardunsu. Ma'aunin ba wani abu ba ne, gwangwani ne mai mazurari a baki, a kan turke, da kwalba mai zane-zane da ake juye ruwan a ciki a karanta. Doka ita ce a duba kowace safiya ƙarfe bakwai, a rubuta abin da aka gani, in ba ruwa a sa sifili.

Doka ke nan, amma na san mutanena. Biyar daga cikin shidan ma'aikata ne, malamin makaranta, akawun auduga, ma'aikacin asibiti da irinsu, an ɗora musu ma'aunin ne a kan aikinsu ba su roƙa ba. Sai ruwa ya taru kwana biyar, kwana bakwai, kafin su tuna da shi. In sun san ina tafe sai su zauna su rarraba abin da suka samu a kan ranakun da suka tsallake, nan uku, nan biyar, nan huɗu, don kada takarda ta fito da ramuka a ce ba sa aiki. Akwai wanda na tarar yana cika ta mako biyu a gabana, yana kuma tambayata labarin gari. Na yi faɗa har na gaji. Sau biyu ina kai ƙara wurin shugaban tasharmu, wanda muke kira shef, sau biyun yana ce mini takarda cikakkiya ai ta fi kyan gani.

Na shidan wani tsoho ne manomi a wani ƙauye gaba da Bibemi. Mutumin duwatsun arewa ne, ya sauko kwari da iyalinsa neman ƙasar noma lokacin da ake ta saukowa noman auduga. Kirista ne, shi ke ja musu addu'a ran Lahadi a wani ɗakin laka mai rufin ciyawa. 'Yan mishan sun koya masa rubutu, shi ya sa aka ba shi ma'aunin, tun kafin a ba ni zagaye. Da ni Hausa yake yi, irin ta kasuwa, mai kauri, yana ce mini ɗana, ina ce masa Baba.

Wallahi ban taɓa ganin mai riƙon amana irin mutumin nan ba. Ya kewaye turken da ƙaya saboda awaki. Akwai darbejiya kusa da ta fara miƙo reshe, ya sare reshen, ya ce kada ganye ya ƙara masa abin da sama ba ta ba shi ba. Ran Lahadi ma sai ya duba gwangwani kafin ya buga ƙarfen kiran addu'a. Takardarsa kuwa cike take da sifili, sifili, sifili, kwana shida a jere, sannan milimita hamsin da takwas a rana ɗaya, sannan sifili kuma. A gefe, inda ba a tanadi wurin rubutu ba, yakan ƙara nasa bayani da ƙananan baƙaƙe: "Iska daga gabas, bayan la'asar, ya ɗauke kafin magariba." Ba wanda ya sa shi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san haka ruwanmu yake. Sai a yi kwanaki rana na gasa mutum, gumi har cikin ido, sannan wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe zana da shanya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, cikin awa ɗaya rafi ya cika, hadarin ya wuce yamma abinsa. Irin wannan ya taɓa tsare ni a gidan tsohon, hanya ta yanke, dole na kwana. Da safe na fito na same shi durƙushe, ya ɗora kwalbar a kan dutse mai faɗi, ya sauke idonsa daidai da saman ruwan, yana jira ya daina motsi. Na ce, "Haba Baba, rubuta hamsin mu wuce, wa zai sani?" Ya ce ba hamsin ba ne, da saura kaɗan. Ya rubuta da sauran nasa.

Gwangwanin nan shi ne mutuncinsa a ƙauyen. Baƙo ne, ba yarensu ɗaya da masu gari ba, ba addininsu ɗaya ba, gonar da yake nomawa ma ba shi aka yi, ba gado ba ce. Amma tunda gwamnati ta kafa turke a ƙofar gidansa, jauro, mai garin nan, yakan aiko a tambaye shi in an yi ruwan farko: ya isa a shuka auduga, ko a dakata? In ya ce a dakata, ana dakatawa. A zaman ƙofar jauro ana shimfiɗa masa tabarma a gaba, ba a baya da sauran baƙi ba. Ya san abin da ya ba shi wannan wurin, ni ma na sani.

Ana nan, bayan wata damina, sai ga wasiƙa daga babban birni da wani ƙunshi mai nauyi. Wasiƙar ta ce wani masani Bature daga cikin masu gina injin nan zai zo Garwa, yana so ya gwada abin da injin ya yi hasashe a daminar da ta wuce da abin da aka auna a ƙasa, a shirya masa takardun ƙauyuka. Ƙunshin kuwa dogayen takardu ne masu huji-huji a gefe, injin ne ya buga su da kansa, rana bi rana, ruwan da ya ce zai sauka a yankinmu.

Shef ɗinmu mutum ne da ke sa kwat a zafin Garwa. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, matsoraci ne, kuma abin tsoronsa ɗaya, takardar da ta fito daga sama. A lakwal aka raine mu duka a kan cewa akwai amsar malami, akwai taka, in sun saɓa taka ce ba daidai ba. Zamanin kuma jam'iyya ɗaya ce, baki ɗaya, ba a ce wa na sama ya yi kuskure. To ga takarda ta zo daga saman na sama, inji ne ma ya rubuta ta, ba mutum ba.

Ya baza takardun a tebur. Injin ya ba da ruwa kusan kullum a watan Agusta, uku, biyar, huɗu, shida. Ya ɗauko na malalatan nan biyar ya jera a gefe, uku, biyar, huɗu. Fuskarsa ta washe. Ya ɗauko ta tsoho, ya haɗe gira.

"Zo ka gani," ya ce da ni. "Wannan baƙauyen naka ba ya duba ma'auni. Yana bari ruwa ya taru mako guda, ya zuba shi a rana ɗaya."

Na ɗauka wasa yake. "Shef, ai shi kaɗai ne ke dubawa! Sauran ne ke bari ya taru su raba. Ba na kawo maka ƙararsu ba?"

"Biyar sun yi daidai da inji, ɗaya ya saɓa. Wa ke ƙarya?"

"To duba littafinmu na nan tasha. Mu ma sifilin ne da mu. Ni na rubuta, kai ka sa hannu."

"Tasha daban," ya ce. "Namu ya riga ya tafi ta waya, ba a taɓa shi. Kuma nan gari ne, akwai kwalta da kwano, zafi na korar ruwa."

Ya faɗi wannan da fuskar ilimi, har yana ɗaga yatsa. Kai, jama'a! Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, wanda hadarin gabas ya taɓa yaye wa rufin ɗaki muka je jaje, yana kallon tsabar idona yana ce mini a ƙauye yayyafi ake yi kullum.

Akwai wata al'adar ofis da muka gada. Ba a miƙa wa babba takardar da ta fito daga ƙauye, mai maiƙo da shatin yatsa. Sai a kwafe ta a sabuwa da kyakkyawan rubutu, a buga hatimi, ta asalin a ƙone. Ni ne mai kyan rubutu a tashar, ni ke kwafewa. Ya turo mini takardun tsoho, ya ce in kwafe, in rarraba ruwan a kan kwanaki yadda zai yi kama da hankali, in zubar da surutan gefe. Shi kuma zai rubuta wa babban birni rahoton sakaci, a karɓe ma'aunin a ba wani.

Na ce ba zan yi ba. Na faɗa da ƙarfi har mai buga waya ya leƙo. Shef ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya yi ƙasa da murya. Ya ce baƙon gwamnati ne zai zo, ba za a kunyata ƙasa a gabansa da takardun jahilai ba, kuma ma'aikacin da ke neman kunyata ƙasa akwai sunan da ake kiransa da shi. Ya faɗi kalmar da Faransanci. A wancan zamani in aka liƙa maka ita, jandarma ke zuwa, kuma iyalinka ba sa tambayar inda aka kai ka. Ina da mata da 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

Da na tashi aiki na biya shagon yayana, na ja shi gefe na faɗa masa. Na zaci zai ce in tsaya a kan gaskiya. Ya dube ni kamar na zare, ya ce, "Takarda ce fa! Wa ta taɓa kashewa? Ruwan da ya riga ya sauka, ƙasa ta sha, an girbe, shi za ka shiga uku a kansa? Rubuta musu abin da suke so ka dawo gida." Na fita ina huci, ina zaginsa a zuci da jahilci. Washegari na yi daidai abin da ya ce.

Na kwafe. Ba zan yi wa kaina ado ba. Kwana uku na yi a kai. Hamsin da takwas ɗin nan na yanka ta gida bakwai, na bi sifilin tsoho ɗaya bayan ɗaya na cike su. Ina yi ina lallashin kaina cewa jimillar wata ba ta canja ba, ruwan da ya sauka shi ne ya sauka, ranar ce kawai ta motsa. Tir da wannan lissafi! Manomin da aka ba ruwan kwana bakwai a awa ɗaya, ya wanke masa iri, sannan aka bar shi da rana, ka je ka ce masa jimilla ɗaya ce ka ji amsar da zai ba ka. Takardun asali ban ƙone ba, na tura su can cikin aljihun teburina. Ban san me na ajiye su in yi da su ba.

Baturen ya iso a watan Maris. Maris! Wanda zai binciki ruwan sama ya zo lokacin da kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, sama fes ba ko ƙyallin gajimare. Da a Agusta ya zo ya yi mako guda, da sama ta yi masa bayani da kanta. Amma a Agusta, an ce, hutu suke yi.

Dogo ne siriri, wuyansa ya yi ja don zafi, rigarsa sharkaf. Na shirya in tsane shi, sai na tarar da mutum mai sauƙin kai. Ya ƙi kujerar shef, ya jawo benci, ya tara mu duka, ya ɗauki alli ya zana mana yadda injin ke aiki. Ya ce injin ya yanka duniya gida-gida kamar na dara, kowane gida faɗinsa ya haɗiye Garwa da Pitowa da Bibemi gaba ɗaya. Hadari guda ya yi masa ƙanƙanta, ba ya ganinsa. Don haka sai suka rubuta masa ƙa'ida: in ƙasa ta yi zafi kaza, iska ta ɗauki danshi kaza, to sauke ruwa kaza. Wannan ƙa'idar shi ya rubuta ta da abokan aikinsa, kuma a ƙasarsu tana aiki ba laifi.

Sai ya ajiye allin ya ce, "Amma a nan ina zarginta. Ina jin injina ba shi da haƙuri. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, sai ya saki ruwa nan take, kaɗan-kaɗan, kullum, tun kafin azahar. Ni kuma abin da na ji game da ƙasarku, sama takan riƙe, ta tara na kwanaki, sannan ta sake shi gaba ɗaya da yamma. In haka ne, ƙa'idata ba daidai ba ce, dole in rushe ta in sake. Abin da ya kawo ni ke nan. Ina neman inda injina ya yi ƙarya."

Mutumin nan ya ƙetare teku da hamada yana neman sifilin tsoho, da rubutun gefen nan da na zubar. Na juya na dubi shef. Ya ji, ya gane sarai, na ga gumi na bin bayan kunnensa. Ga dama ta samu ya ce an yi kuskure. Amma rahotonsa ya riga ya tafi, kuma a wurinsa ba abin da ya kai janye abin da ya buga wa hatimi muni. Ya miƙe ya gyara kwat, ya miƙa fayil ɗin da hannu biyu.

Baturen ya yi kwana biyu yana bin lambobi da fensir. Ya ga littafin tasharmu, ya ce wannan ya goyi bayan zarginsa, amma gwangwani ɗaya ba ya isa shaida a kan gida mai faɗin nan, hadari na iya sauka nan ya bar can. Ƙauyukan ne za su raba gardama. Ya bi shidan, shidan duk suka ce inji ya yi gaskiya. Ya fi daɗewa a kan ta Bibemi, don ita ta fi dacewa. Ai dole ta dace, takardar injin na gefena lokacin da nake rabawa.

Ya ɗago ya dube ni, ni, ba shef ba. "Kai ke zagayen ƙauyukan, ko? Mutanen nan kullum suke dubawa? Haka suka rubuta?"

Tsakanina da aljihun teburina taku uku ne. Na san wace takarda ce a sama, na san shatin man gyaɗa da ke kusurwarta. Shef yana tsaye bayan Baturen, ya zuba mini ido.

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Baturen ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya, ya ce ashe a banza ya zargi injinsa. Zai koma ya gaya wa abokan aikinsa wannan ɓangaren a bar shi yadda yake, a mai da hankali wani wuri. Ya yi mana godiya ɗaya-ɗaya, ya ce bai taɓa ganin takardu masu tsabta irin namu ba. Shef ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Na karɓi nawa, na shanye tas.

Shi ma Baturen ban wanke shi duka ba. Mai ilimi irin nasa ya ga takardun ƙauyuka shida, rubutu iri ɗaya, tawada iri ɗaya, ba ɗigon maiƙo, bai ce ina na asali ba? Mota na tsaye a waje da direba, Bibemi ba bangon duniya ba ce, bai ce a kai shi ya ga gwangwani ɗaya da idonsa ba. Ya zo neman laifin abin da ya gina, aka ce masa babu, ya ji daɗi ya yi saurin yarda. Shekaru bayan nan ina ganin takardun injin na zuwa, yayyafin nan na tsakar rana bai fasa ba. Ban ce takardata kaɗai ta jawo ba, duniya da faɗi, tashoshi da yawa. Amma duk sanda na ga uku, biyar, huɗu a jere sai in ji ɗaci a bakina.

Da motarsa ta fita na bi shef ofis. Na ce, "To an rabu lafiya, ƙasa ba ta ji kunya ba. Yanzu ka bar wa tsohon nan gwangwaninsa. Ka ji da kunnenka shi ne mai gaskiya."

Bai ɗago ba. Ya jawo wata takarda ya turo mini. Amsar babban birni ce, ta iso tun kafin baƙon. An amince, a karɓe ma'auni daga hannun mai sakaci, a sanar da shi a gaban hukumar ƙauye, a mai da ma'aunin wurin wani ma'aikaci.

"In rubuta in ce me?" ya ce. "In ce na yi ƙarya? Kai da ka kwafe fa, me za ka ce?"

Nan ya kama ni, ya kuma san ya kama ni. Ya ce in tafi kafin ruwan farko.

Na isa da hantsi, a ƙarshen Afrilu. Na tarar da tsoho a gindin turken yana sabunta ƙaya. Ya wanke gwangwanin, ya shafe turken da farar ƙasa, ya feƙe fensir biyu yana jiran damina. Da ya gan ni ya yar da adda ya taho da hannu biyu.

"Ɗana! Ai ba lokacinka ba ne. Lafiya? Ko sababbin takardu ka kawo?"

Ya ƙwala wa matarsa kira ta kamo kaza, ya miƙo mini wuƙa in yanka da kaina, don ya san ba na cin yankansu. Na ce a dakata da kazar tukuna, mu je wurin jauro.

A ƙofar jauro mutane suka taru, don babur ɗin gwamnati ba ya zuwa a banza. Tsoho ya zauna a gaba. Na karanta takardar da Faransanci, da sauri, ina fatan a bar ta haka. Jauro ya ce a fassara. Na fassara da Fulatanci: sakaci, rashin duba ma'auni, rubuta abin da bai gani ba. Wani daga baya ya ce, "Ashe duk shekarun nan da ka yake faɗa mana?" Wani ya ja tsaki. Jauro ya dubi ƙasa yana shafa gemu. Tsoho ya roƙa a maimaita masa da Hausa, ko bai ji daidai ba. Na maimaita.

Shi ya tone turken da kansa, bai bari na taɓa ba. Ya naɗe kwalbar a tsumma kada ta fashe a hanya, ya ɗaure mini komai a bayan babur, ya ja igiyar ya ga ta kama. Matarsa na tsaye bakin zana da kazar a hannu, ba ta san me ake ciki ba. Sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, kai kana zuwa duk wata. Ka taɓa zuwa ka tarar da tsohon ruwa a ciki?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To ka gaya musu?"

Na yi niyyar in ce na gaya musu sun ƙi ji, don rabin gaskiya ne. Bakina ya ƙi. Na zauna a kan dutse na faɗa masa duka, injin, da shef, da kwana ukun da na yi ina cike sifilinsa, da Baturen da ya zo neman abin da shi kaɗai ya rubuta, da tambayar da aka yi mini, da amsar da na bayar. Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗauki addar nan ya maka mini ƙotarta da na ji sauƙi. Yana tsaye yana saurare, hannunsa a kan igiyar.

Da na gama ya ce, "Takardar da ka sake, ta tafi ƙasar Turawa?"

"Ta tafi."

"Za su ajiye ta?"

"Suna ajiye komai, Baba. Ba sa yarwa."

"A ƙasan takarda akwai layin da ake sa sunan mai dubawa. Sunan wa ka sa?"

Sai a lokacin na tuna. Wata biyar, shafi biyar, kowane shafi na gangaro ƙasa na cike layin nan ban ko tsaya ba, da rubutuna mafi kyau.

"Naka, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauke hannunsa daga igiyar ya goge a rigarsa.

"Shekara goma sha ɗaya ban rubuta ɗigo ɗaya da ban gani ba," ya ce. "Ashe kai ka rubuta mini."

Ya juya ya ce wa matarsa ta saki kazar.